Kwana 56 Tsakanina da Sikeli

Ranar da na sa hannu a kwantiragin faɗana na huɗu a damben MMA, wasan nan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa da shaƙa a cikin keji, na hau sikeli da safe ya nuna kilo 80.4, a takardar kuwa laba 155 aka rubuta, wato kilo 70.3. Mako 8 ya rage a yi karawar. Faɗace-faɗacena uku na baya duk an yi su ne a kan nauyin da ɓangarorin biyu suka daidaita a tsakaninsu, kilo 75, saboda haka matse nauyi na gaske ban san shi ba sai a bakin mutane. Na tambayi mai horar da ni ko ba zai fi sauƙi mu nemi ajin da ke sama ba, sai ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Yaro, masu faɗa a ajin kilo 77, da kilo 88 suke yawo a gari. In ka shiga cikinsu da wannan jikin naka, ɗaga ka za su yi kamar buhun auduga." Na ce, "To, Maigida," na karɓi biro.

Dalilin da ya hana ni tsayawa a tsakanin lambobin biyu yana cikin yadda aka yanka azuzuwan nauyi. A karon farko na UFC, babbar gasar MMA ta duniya, wanda aka yi a birnin Denver na Amurka a watan Nuwamba na 1993, babu aji ko ɗaya. A karawar da ta buɗe gasar an haɗa Gerard Gordeau da ɗan kokawar sumo Teila Tuli, wanda ya kusa ninka shi nauyi, kuma Royce Gracie, ɗaya daga cikin mafiya ƙanƙanta a wurin, shi ne ya lashe gasar. Sai a 1997 aka raba 'yan wasa gida biyu, waɗanda suka kai laba 200 da waɗanda ba su kai ba, daga baya kuma dokokin bai-ɗaya da hukumar wasanni ta jihar New Jersey ta amince da su a farkon shekarun 2000 suka zo da jerin da kusan kowa yake bi a yau. A UFC maza suna farawa ne daga laba 125, su hau 135, 145 da 155, tazarar goma-goma ke nan. Daga nan sai matakalar ta buɗe: 170, sannan 185, sannan 205, sannan dogon tsalle zuwa 265. A ramin nan na laba 15 da ke tsakanin 155 da 170, kusan kilo 7, na faɗa, na yi wa ajin ƙasa yawa, na yi wa na sama kaɗan. A 2017 ƙungiyar hukumomin dambe ta Arewacin Amurka ta amince da ƙarin azuzuwa, ciki har da 165 da 175, amma UFC ba ta ɗauke su ba, ƙananan masu shirya gasa kuwa ba kasafai suke bin hanyar da babba bai bi ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Awon nauyi ba ranar faɗa ake yin sa ba, ana gobe faɗan ake yi, kuma tsakanin sikeli da keji akan sami sa'a 24 zuwa 36. Abin da doka ta nema shi ne mutum ya kasance a kan nauyin ajinsa a daidai lokacin da ya tsaya gaban jami'in awo, abin da jikinsa zai koma bayan ya sauka kuwa, a yawancin wurare babu mai tambaya. Da yake fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, sai 'yan wasa suka gane za su iya tatse ruwan jikinsu su hau sikeli, sannan su mayar da shi kafin a rufe ƙofar keji. Idan ba faɗan kambu ba ne akan ɗaga wa mutum ƙafa da laba ɗaya, don haka iyakata ta zama laba 156, kilo 70.8. A faɗan kambu ko wannan sassaucin babu. A watan Mayu na 2022 Charles Oliveira ya rasa kambunsa na wannan aji nawa a kan sikeli, tun ba a kai naushi ko ɗaya ba, saboda rabin laba.

Aikin kashi biyu ne waɗanda ba su yi kama da juna ba, rage kitse da fitar da ruwa. Na farkon ya ɗauke ni mako 7. Na samo ƙaramin sikelin kicin na koma awon duk abin da zai shiga bakina: naman kaza ko kifi ko ƙwai sau huɗu a rana don kada tsoka ta zube, shinkafa ko dankali kafin atisaye da bayansa kaɗai, mai kuwa da cokalin shayi. Kullum da asuba, bayan na kama ruwa kuma kafin in sa komai a baki, nakan hau sikeli in rubuta lambar a wani ɗan littafi da nake ajiyewa a gefen gado. Rabin kilo a mako muka sa a gaba, domin a cewar Maigida abin da ya wuce haka daga ƙarfina za a cire shi, kuma duk wannan ana yin sa ne a kan atisaye sau biyu a rana, kwana shida a mako.

Yunwar ba ta dame ni kamar yadda na zata ba, mutum yakan saba da ita. Abin da ban shirya masa ba shi ne sanyi da ya riƙa kama ni ko da rana tsaka, da saurin fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da ɗan ƙujewar da na samu a ƙwauri wanda ya ƙi warkewa har mako uku. Akwai wani abokin atisaye da na saba kayarwa duk lokacin da na ga dama, a mako na biyar sai ga shi yana ture ni yana manna ni da jikin keji, ina jin hannuwana kamar na aro. A makon nan ne kuma sikeli ya kafe a 77.9 har kwana tara, bai motsa ba, sai da aka janye mini shinkafar dare gaba ɗaya sannan ya ci gaba da sauka. Ranar Lahadi ta makon faɗa na tashi da kilo 76.6. Za a yi awo ranar Juma'a da ƙarfe 9 na safe, saura kilo 5.8 ke nan a cikin kwana biyar, kuma ko gram ɗaya a cikinsu ba kitse ba ne.

Daga ranar muka koma yi wa jiki dabara ta ƙofofi huɗu. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kusan rabin kilo a jikin ɗan wasa, kuma kowane gram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar gram 3, don haka idan aka yanke abinci mai sitaci ajiyar ta ƙare, ruwan ma sai ya bi ta. Aka hana ni ganye da wake da duk abin da yake daɗewa a hanji, domin abin da ke kwance a ciki shi ma sikeli yana ƙirga shi. Aka janye gishiri, tunda shi ne yake tsare ruwa a jiki. Ƙofa ta huɗu ce ta fi ba ni mamaki, domin maimakon a rage mini ruwan sha sai aka ƙara: lita 8 a rana, Lahadi da Litinin da Talata. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa take saki wanda yake umartar ƙoda ta riƙe ruwa, kuma idan mutum ya yi ta ɗirkar ruwa sai jiki ya rage sakin sa, ƙoda ta saba da zubarwa. Idan aka yanke ruwan farat ɗaya, takan ci gaba da zubarwa na ɗan lokaci kafin ta farga an daina kawowa. Dabarar tana da nata haɗarin, domin ruwa mai yawa ba tare da gishiri ba yana iya tsinka gishirin jini har mutum ya suma, shi ya sa aka rarraba mini shi kwalba-kwalba daga asuba zuwa dare. A kwanakin nan sau huɗu nake tashi fitsari kowane dare, ga ciwon kai mara yankewa.

Ranar Litinin sikeli ya nuna 76.9, sama da na jiya, gabana ya faɗi, Maigida kuwa ko a jikinsa, ya ce ruwan da na sha ne. Talata 75.8. Laraba, da aka mayar da ni lita 4, na tashi da 74.9. Alhamis da safe 73.9, na sha rabin lita na ci ƙwai biyu, daga tsakar rana kuma aka rufe bakina. Da ƙarfe 7 na yamma, a ɗakin otal, na hau na ga 73.3. Kilo 2.5 suka rage, kuma babu sauran ƙofar da za su fita sai ta fata.

Wasu sauna suke shiga, wasu su sa rigar roba su hau keken motsa jiki. Mu baho muka zaɓa, domin ba ya cinye ƙarfin ƙafa. Mataimakin Maigida ya cika shi da ruwan zafi, ya tsoma ma'aunin zafi har ya tsaya a digiri 40, ya zazzage gishirin Epsom, na shiga har wuya. Minti biyar na farko daɗi ma suke da shi. Daga minti na goma sai zuciya ta fara bugawa a kunnuwana, gumi yana gangarowa daga goshi yana shiga idanu ba na iya ɗaga hannu in share. Da minti 20 suka cika suka kama ni biyu suka fito da ni, suka kwantar a ƙasa, suka naɗe ni da tawul-tawul da barguna har fuska kaɗai ta rage, domin a cikin naɗin nan ne gumi yake zuba sosai. Bayan kwata ɗaya na awa aka warware ni, Maigida ya ɗauko wani tsohon katin buɗe ƙofa na roba yana kankare gumin daga bayana da ƙirjina kamar mai share ruwa daga gilashi, wai don sabo ya sami hanyar fitowa. Zagaye na farko ya cire gram 800, na yi murna, har na ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Na biyu ya ba da 600. A na uku ne ido ya raina fata. Na yi minti 20 ɗin nan daidai, zafin bai ragu ba, amma da aka warware ni sai na ga fatar hannuna ja ce kuma kusan a bushe, jiki ya fara rowar abin da ya rage masa. Muryoyin mutanen da ke tsaye a kaina suka koma kamar daga wani ɗaki suke zuwa, da na yunƙura zan miƙe kuwa ɗakin ya yi baƙi ƙirin, sai jin kafaɗar mataimakin na yi a ƙarƙashin hammatata. Gram 300 kacal. Maigida ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogo, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ya isa na yau." Sikeli yana kan 71.6.

Daren nan ban runtsa ba. Harshena ya manne da dasashi, idan na rufe ido sai in ji fatar idon tana gogar ƙwayar kamar da yashi a tsakani. An ba ni izinin in sa ƙanƙara ɗaya a baki in tofar idan ta narke, na kuwa riƙa tofarwa a kofi don kada in ci amanar kaina in haɗiye. Wani ɗan wasa da ke ɗakin kusa, wanda shi ma yake fama da nasa, ya leƙo ya ce yana da ƙwayar da take sa fitsari, in sha ɗaya in huta da baho. Na ƙi, ba don jarumta ba, sai don na san hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta irin waɗannan magunguna, kuma na san suna kwashe gishirin da zuciya take bugawa da shi. Sunayen waɗanda wannan dare ya ci ba baƙi ba ne a wurina. A ƙarshen 1997 'yan kokawar jami'a uku suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni suna matse nauyi. A watan Satumba na 2013 Leandro Souza ya rasu a Rio de Janeiro ta Birazil ana dab da awo, a watan Disamba na 2015 kuma Yang Jian Bing, ɗan ƙasar Sin mai shekara 21, ya rasu a Manila yana shirin faɗa a gasar ONE Championship. Ko fitaccen ɗan wasan UFC Khabib Nurmagomedov, da duk ƙwararrun da ke kewaye da shi, asibiti aka kwashe shi a watan Maris na 2017 aka soke faɗansa da Tony Ferguson. Duk na san wannan tun kafin in shiga baho, kuma da ƙarfe 5 na asuba, da sikeli ya nuna 71.2, da ƙafata na koma cikinsa.

Da ƙyar da jiɓin goshi zagaye na huɗu ya ba da gram 300, sauran kuma na cike shi da tauna cingam ina tofar da yawu a kwalba har muka isa zauren awo. Wurin shiru ne, ba kamar yadda ake nunawa a talabijin ba: maza kusan ashirin zaune a ƙasa sun jingina da bango, idanu sun faɗa, kumatu sun lotsa, babu mai ƙarfin yi wa wani kallon raini. Likitan gasar ya ɗaura mini abin awon jini, ya haska idona, ya ce, "Kana jin jiri?" Na ce, "A'a, Likita." Ƙarya na yi, kuma ina kyautata zaton ya sani, domin kowa a layin amsar da ya bayar ke nan. Da aka kira sunana na tuɓe na bar gajeren wando na hau, lambar ta yi rawa ta tsaya a 70.9. Sikelinmu na ɗaki ya yi mana ƙaryar gram 100. A kwantiragina an rubuta cewa wanda ya kasa cika nauyi, wato ya wuce iyakar ajin, zai ba abokin karawarsa kashi 20 cikin 100 na kuɗin wasansa, shi kuma abokin karawar yana da damar ya ƙi faɗan gaba ɗaya. Maigida ya ce a kawo tawul, mutum biyu suka riƙe gefe da gefe suka kare ni, na cire wandon, na ɗaga hannuwa sama, na fitar da duk iskar da ke ƙirjina kamar ita ma tana da nauyi. Jami'in ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya ce, "70.8." Ban kai minti ɗaya a kan sikelin ba. Aka tsayar da ni gaba da gaba da abokin karawata don ɗaukar hoto, na dunƙule hannu, shi ma ya dunƙule, ina ganin leɓɓansa sun tsattsage kamar nawa, kuma ina jin yadda yake ɗan rangaji.

Na ɗauka daga nan wahala ta ƙare, ashe tsugune ba ta ƙare ba. A da 'yan wasa ƙarin ruwa ake yi musu ta jijiya su farfaɗo cikin sa'a biyu, amma dokar WADA ta hana a sa wa ɗan wasa fiye da mililita 100 a cikin sa'a 12 in ba jinya ake yi a asibiti ba, UFC ta fara aiki da hanin tun watan Oktoba na 2015, kuma gasarmu ma a kan wannan doka take. Saura baki kaɗai, shi kuwa ciki abin da yake iya wucewa da shi bai fi kamar lita ɗaya a awa ba. Aka miƙo mini ruwan gishiri da sukari aka ce in riƙa kurɓa, ni kuwa na kafa kai na shanye kwalbar a tashi ɗaya, ban kai ƙofar zauren ba na amayar da shi duka. Dole na koma kurɓa kamar jinjiri, agogo a gabana, daga baya aka ƙara ayaba da zuma, sai farar shinkafa kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a biyu. Sai da aka yi sa'a biyar ina sha kafin fitsari ya zo, da ya zo kuma launin baƙin shayi ne da shi.

Ranar Asabar da yamma, kafin a naɗe mini hannu, na hau sikeli a ɗakin shiri na ga 77.9. Daga baya mutanen abokin karawata suka gaya mana nasu ya shiga da 78 da ɗoriya. An sanar wa 'yan kallo faɗan ajin kilo 70.3, aka kuma shigo musu da mutum biyu masu kilo 78, waɗanda kowannensu ya kwana biyu yana azabtar da kansa don ya fi ɗan'uwansa girma, aka tashi babu wanda ya fi wani. Hukumomi sun san da wannan. Jihar Kalifoniya ta mayar da awo zuwa safiya a 2016 don a sami ƙarin lokacin mayar da ruwa, a 2017 kuma ta fara sake auna 'yan wasa ranar faɗa, wanda ya ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 ana iya ba shi shawarar ya koma ajin sama. Kilo 7.1 da na mayar sun haye wannan layin da ƙiris. ONE Championship kuwa, bayan rasuwar Yang Jian Bing, ta hana matse nauyi ta hanyar busar da jiki, ta koma gwada fitsarin ɗan wasa don ta ga ko da isasshen ruwa a jikinsa, ta kuma ɗaga iyakokin azuzuwanta, har ajin da yake kilo 70.3 a wasu wurare ya zama 77.1 a wurinta.

Faɗan turmi uku ne, kowanne minti 5. A na farko na ji ni garau, na kayar da shi sau ɗaya, na yi ta aiki a kansa har aka tashi. A tsakiyar na biyu sai sha-raɓata ta hagu ta ɗaure tamau, na kasa taka ƙafar yadda ya kamata, kuma a daidai lokacin ya kawo wani ɗan naushin hagu, irin wanda nake sha sau goma a atisaye ban ko girgiza ba, na ji fitilun zauren sun yi tsalle. 'Yan wasa sun daɗe suna cewa wanda ya bushe jiya haɓarsa ba ta ɗaukar duka yau, kuma abin da na ji a daren bai ƙaryata su ba. Turmi na uku kuwa ba abin alfahari ba ne ga kowa a cikinmu. Mun rungume juna a jikin keji muna haki, 'yan kallo suna ihun a raba mu, shi yana jiran in saki, ni ina jiran ƙarar tashi. Alƙalai biyu suka ba ni, ɗaya ya ba shi, aka ɗaga hannuna.

Kwana goma bayan haka sikeli ya nuna kilo 84, nauyin da ban taɓa kaiwa ba a rayuwata, idon sawuna ya kumbura har idan na danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Ci nake yi ba don yunwa ba, kamar wani ne a cikina yake tsoron a sake rufe masa baki. Gwajin jinin da na yi ya nuna ƙodata ta sha wuya, likitar da ta duba takardar ta ce wannan karon za ta warware da kanta, amma ta tambaye ni sau nawa nake da niyyar maimaita abin a shekara. Da na ce sau uku, sai ta ajiye biro ta dube ni kawai.

Na sami Maigida da maganar komawa ajin laba 170, muka yi doguwar muhawara, kuma kowa da hujjarsa. Na kawo masa Robert Whittaker, wanda ya bar 170 ya hau 185 a 2014 ya kuma ɗauki kambu a 2017, da Dustin Poirier, wanda sai da ya bar 145 ya koma 155 a 2015 tauraronsa ya haska sosai. Shi kuma ya tuna mini Israel Adesanya, wanda ya je neman kambun 205 a watan Maris na 2021 ya hau sikeli da laba 200.5, bai ma kai iyakar ajin ba, Jan Błachowicz ya kwantar da shi ya danne a turmi na huɗu da na biyar ya cinye faɗan. Ya ce, "Girma ba ƙarya ba ne, yaro." Ban musa ba, domin gaskiya ya faɗa. Na ce masa kawai na gwammace in yi faɗa da wanda ya fi ni kilo 8 ina da ƙafafuwana, da in yi da tsarana a kan ƙafa ɗaya. Ya yi shiru, ya ce in ba shi wata huɗu mu ƙara tsoka tukuna.

Faɗan da ya biyo baya a kilo 77.1 aka yi shi. Na shiga makon awo da 80.5, na yanke gishiri da sitaci, na ci abincin rana ranar Alhamis, na yi barci, baho kuwa sau ɗaya na shiga, minti 15. Na isa zauren da ƙafata na zauna ina jira, sai ga abokin karawata an shigo da shi, mutum biyu suna tallafe da shi, an lulluɓe shi da bargo, ya fi ni tsawo da faɗin kafaɗa, fuskarsa irin wadda na gani a madubi wata biyar da suka wuce. Ya hau, aka kawo masa tawul, ya cika nauyi. Maigida ya matso kusa da kunnena ya ce, "Gobe wannan zai kai 87. Turmin farko nasa ne, kada ka bari ya manna ka da keji. Ka kai shi na uku." Na gyaɗa kai, na buɗe kwalbar ruwana na fara kurɓa a hankali.